Na Gida Ne Ko Na Kasuwanci? Tambayar da Ke Raba Kuɗin Shara a Turai

Duk abin da muka saya, da rigarsa yake zuwa. Sabulu yana cikin takarda, madara cikin gwangwani, mai cikin jarka, shinkafa cikin buhu, waya kuma cikin kwalin da aka naɗe da leda aka sake cusawa cikin wani kwalin. Mu biya kuɗin kayan, mu cire rigar mu jefar, daga nan ba mu ƙara tunawa da ita. Ita kuwa tafiyarta ba ta ƙare ba. Sai an ɗauke ta, an kai ta wani wuri, an tsince, an wanke, an narka, ko kuwa an ƙone ko an binne, kuma kowane mataki akwai mai biyan kuɗinsa. A wannan rubutu zan kira waɗannan riguna da suna ɗaya, mazubi, tun da kwali da leda da kwalba da gwangwani da buhu duk aikinsu guda ne: riƙe kaya har su isa hannun mai amfani da su.

Fiye da shekara talatin ke nan ƙasashen Turai suna ƙoƙarin ɗora kuɗin kwashe mazubi a kan kamfanonin da suka sako shi kasuwa. Da aka zo aiwatarwa, sai aka tarar tsarin gaba ɗaya ya rataya a kan wata tambaya mai kama da ta akawu: wannan mazubin na gida ne ko na kasuwanci? Wato a kwandon sharar iyali zai ƙare, ko a bayan wata masana'anta ko otal? A Birtaniya, a shekarar farko ta sabon tsarin ƙasar, amsar ita ce ta raba wanda ya biya fam 423 a kan kowane tan na roba da wanda wannan kuɗi bai hau kansa ba.

Ni dai ta hanyar yayata na san da batun. Tana aikin lissafi a wani kamfanin shigo da kayan abinci a tsakiyar Ingila, kuma sau biyu a shekara takan ɓace mana daga hirar gida, in an tambaya ta ce tana "rabon leda". Da na nemi bayani ta turo mini ƙa'idojin da take aiki da su, na zauna na karanta da idon ɗan jarida. Abin da na fahimta shi ne, hukuma ba za ta iya bin kowane kwali ta ga inda ya mutu ba, don haka dole ta yi zato, kuma duk zaton da ta zaɓa akwai wanda zai ɗauki nauyin kuskurensa.

Ladan kuturu

Tushen tsarin ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe, domin mun daɗe muna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1990 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Thomas Lindhqvist, ya gabatar wa ma'aikatar muhallin ƙasarsa wannan tunani a rubuce: alhakin mai ƙera kaya kada ya tsaya a bakin ƙofar shago, ya bi kayan har ranar da suka zama shara. Shi ne tsarin da ake taƙaita sunansa da EPR. Jamus ce ta fara mayar da shi doka a kan mazubi, a 1991, lokacin da Klaus Töpfer yake ministan muhalli. Kamfanonin ƙasar suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa kwashe musu mazubinsu daga gidaje, kuma daga nan ne tambarin nan mai kibiya biyu a zagaye ya fito, wanda har a kayan da ke shigowa kasuwanninmu muna ganinsa.

A 1994 Tarayyar Turai ta kasa mazubi gida uku, kuma har yau a kan wannan rabo ake tafiya. Ɗauki gwangwanin tumatir. Shi kansa gwangwanin shi ne mazubi na farko, wanda mai saye ke tafiya da shi. Kwalin da ya haɗa gwangwani 24 don mai shago ya jera a kanta shi ne na biyu. Katakon da aka jibga kwalaye a kai da ledar da aka naɗe su don lodi a mota su ne na uku, mazubin jigila.

Birtaniya ta bi sahu a 1997, amma da hanya mai sauƙi ga kamfanoni. Abin da ake nema daga gare su shi ne su sayi takardun shaida daga masu sake sarrafa shara, masu nuna cewa an sarrafa tan kaza na kwali ko kwalba. Gwamnatin ƙasar da kanta ta ƙiyasta cewa kuɗin da ake samu ta haka bai wuce kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da ake kashewa ba. Sauran ƙananan hukumomi ne ke biya, wato harajin jama'a.

A nan dalilin rabon yake. A Birtaniya ƙaramar hukuma ce ke kwashe sharar gidaje da kuɗin haraji, shi kuwa mai otal ko masana'anta da aljihunsa yake biyan masu kwashe tasa. Tun da manufar sabon kuɗin ita ce a mayar wa ƙananan hukumomi abin da suke kashewa, to mazubin da ke faɗawa hannunsu ne kawai ya kamata ya biya. Magana ce mai ma'ana. Wahalar tana wajen gane wanne ne wanne, alhali ranar da kamfani ke cike rahoto mazubin bai riga ya zama shara ba.

Layin da Birtaniya ta ja

Sabuwar dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, kuma hukumar da ke gudanar da ita sunanta PackUK. Kamfanin da cinikinsa na shekara ya kai fam miliyan 2, kuma yake sako fiye da tan 50 na mazubi, shi ne babban kamfani a idon doka. Zai ba da rahoto duk wata shida, kuma shi ne ke biyan kuɗin kwashe shara. Wanda cinikinsa ya wuce fam miliyan 1 da mazubi fiye da tan 25, amma bai kai wancan mataki ba, rahoto kawai zai bayar sau ɗaya a shekara. A shekarar farko farashin kowane tan shi ne fam 423 a kan roba, 266 a kan alminiyam, 259 a kan ƙarfe, 196 a kan takarda da kwali, 192 a kan kwalba. Jimillar abin da ake tarawa ya haura fam biliyan 1 a shekara.

Ga yadda aka ja layin. Mazubi na biyu da na uku ba na gida ba ne, wannan babu gardama. Amma mazubi na farko, da kwalin da ake aiko wa mutum kayan da ya saya ta intanet, duk an ɗauke su na gida ne har sai kamfani ya kawo hujjar akasin haka. Ƙofofin fita biyu ne kacal. Ta farko, kamfani ya nuna cewa kai tsaye ya sayar wa wata sana'a ko ma'aikatar gwamnati, kuma ita ce ta ƙarshe da za ta yi amfani da mazubin, a hannunta zai zama shara. Ta biyu, ya nuna cewa kayan don sana'a kaɗai aka yi su, kuma da wuya mazubinsu ya ƙare a kwandon gida ko na bakin titi. Duron sinadarin masana'anta ya wuce ta wannan ƙofa ba tare da wahala ba. Hujjojin kuwa sai an adana su shekara bakwai, domin hukumar muhalli na iya zuwa bincike.

Mazubin kasuwanci ma bai tsira gaba ɗaya ba, har yanzu ana saya masa waɗancan takardun shaida na tsohon tsari. Sabon kuɗin ne kawai bai hau kansa ba, kuma sabon kuɗin shi ne mai nauyi. A farashin shekarar farko, kamfanin da ke sako tan 200 na roba a shekara, idan duka na gida ne, zai biya fam 84,600. Idan ya iya nuna cewa rabi na kasuwanci ne, ya tsira da fam 42,300. Bambancin yana cikin haruffa biyu da ma'aikaci zai rubuta a wani gurbi na jadawali.

Buhu mai kilo 20

Kamfanin su yayata yana shigo da shinkafa da man girki da gari da tumatirin gwangwani, kuma a doka mai shigo da kaya shi ne ke ɗaukar alhakin mazubin da suka zo a ciki. Ƙananan ƙunshi babu matsala, kowa ya san na gida ne. Rigimar ta taso ne a kan buhun shinkafa mai kilo 20 da garwar mai mai lita 20. Shugaban sashenta ya duba girmansu ya ce ai waɗannan kayan gidajen abinci ne, a rubuta su a na kasuwanci.

Da take ba ni labari a waya, tambaya ta fara jefo mini.

"Auta, a gidanmu an taɓa sayen shinkafa a ɗan kwali?"

Na ce, "Haba Yaya, sai dai buhu, ko in wata ya yi nisa a auno kwano."

Ta ce, "To haka muke a nan ma. Ka zo shagon kayan Afirka ko na 'yan Asiya ranar Asabar ka ga yadda magidanta ke loda buhu a bayan mota. Ni kaina akwai shi a ɗakin girkina. Ta yaya zan rubuta cewa don sana'a kaɗai aka yi shi?"

Shugaban nata ba maƙaryaci ba ne. Mutum ne da ya tashi a gidan da ake sayen shinkafa rabin kilo ta yi mako biyu, don haka a idonsa buhu sai mai sana'a. Iyalin ɗan Najeriya ko ɗan Pakistan ko ɗan Somaliya mai bakuna bakwai ba ya cikin hoton da yake da shi na "gida". Ita kuwa dokar cewa ta yi "kaɗai", kuma wannan kalma ɗaya ta rufe musu ƙofa ta biyu.

Sai ta koma ƙofa ta farko. Ta ɗauko jerin abokan cinikin kamfanin ta bi su ɗaya bayan ɗaya: wanne ne gidan abinci ko makaranta da ake kai wa kaya kai tsaye su girka a wurin, wanne ne shago ko ɗan sari da zai sayar wa wani. Na farko ta nemi takardun da za su tabbatar, ta rubuta kasonsu a na kasuwanci. Duk sauran ta bar su a na gida. Aikin ya ci mata makonni, kuma kuɗin da kamfanin ya biya ya fi abin da shugabanta ya so, duk da cewa bai kai abin da za a biya ba da ba ta yi wannan tankaɗe da rairaya ba.

Na tambaye ta abin da ya sa ta dage, tun da ba daga albashinta za a cire ba. Dalilinta na farko na tsoro ne: ba da rahoton ƙarya laifi ne, kuma ita ce ta haɗa alƙaluman. Na biyu shi ne ya tsaya mini a rai. Ana fitar da farashin kowane tan ne ta hanyar raba kuɗin da ƙananan hukumomi ke kashewa a kan yawan mazubin gida da kamfanoni suka bayyana. Kuɗin da ake nema ba ya raguwa don wani ya ɓoye nasa. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da taransifoma ta ƙone ya san wannan lissafi: an faɗi kuɗin gyara, za a raba a kan gidaje, idan gida goma suka ce su ba sa shan wuta alhali suna sha, sauran ne za su cike giɓin. Wanda ya mayar da mazubin gida na kasuwanci, aljihun kamfanin da ya faɗi gaskiya ya taɓa, kuma daga ƙarshe kuɗin yana komawa kan farashin da mai saye ke biya.

Inda layin ya yi zalunci

Kada a ɗauka cewa duk mai kuka da wannan rabo mai neman zamba ne. Akwai waɗanda kukansu gaskiya ne.

Ɗauki kwalbar lemo ta gilashi da aka sha a gidan abinci. Ba ta taɓa shiga gidan kowa ba. Ma'aikaci ne ya buɗe ta, ya ɗauke ta daga tebur, ya jefa a kwandon bayan gida, kuma mai gidan abincin ne ya biya kamfanin da ya kwashe. Ƙaramar hukuma ba ta kashe ko sisi a kanta ba. Amma yawancin ƙananan gidajen abinci ba daga masana'anta suke saye ba, daga 'yan sari ne. Tun da akwai ɗan sari a tsakani, ƙofar "kai tsaye" ta rufe. Tun da irin wannan kwalba ana sayar da ita a kanti ma, ƙofar "don sana'a kaɗai" ita ma ta rufe. Kwalbar ta zama ta gida a takarda. Masana'anta ta biya, ta ɗora a farashi, mai gidan abinci ya biya sau biyu: sau ɗaya a cikin kuɗin lemon, sau ɗaya ga mai kwashe shararsa. Ƙungiyoyin masu otal da gidajen abinci da mashaya na Birtaniya sun yi ta ƙorafi a kan haka tun kafin a aika takardun biya na farko a Oktoban 2025. Kwalba kuma abu ne mai nauyi, ga shi da nauyi ake lissafi.

Abin lura shi ne wanda ya fi shan wahala. Babban kamfani mai rassa ɗari yana saye kai tsaye daga masana'anta, yana da ma'aikatan da za su rubuta masa takardar shaida. Mai ɗan gidan abinci guda ɗaya a lungu, shi ne ke bin ɗan sari. Dokar da aka tsaurara don toshe ƙofar zamba sai ta fi danne ƙarami.

Me ya sa hukuma ba ta sassauta ba? Domin da zarar an ce kamfani na iya ƙiyasta kason kayansa da ke ƙarewa a gidajen abinci ta hannun 'yan sari, an ba shi damar auna wa kansa haraji da mudun da shi ya sassaƙa. Masana'anta ba ta ganin inda ɗan sari ya kai kaya. Abin da ba ta gani ba kuwa, duk adadin da ta faɗa zato ne, kuma zaton mai biya yakan karkata wajen aljihunsa.

Hanyar Jamus

Jamus ta riga ta sha wannan ɗaci. Shekaru da dama kamfanoni suna bayyana mazubi kaɗan a matsayin na gida, suna cewa sauran na sana'a ne ko kuma su da kansu suke karɓarsa a shaguna, alhali kwandunan gidaje cike suke. Zuwa 2014 giɓin ya kai inda tsarin ya kusa durƙushewa, sai da aka yi wa dokar gyaran gaggawa. Sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019 ta kafa hukumar rajista ta tsakiya a birnin Osnabrück, da kundin rajista mai suna LUCID wanda kowa zai iya dubawa ya ga ko abokin gasarsa ya yi rajista.

Jamusawa sun canza tambayar. Ba ruwansu da hanyar da wannan buhun ya bi. Abin da suke tambaya shi ne, irin wannan mazubi, mai wannan girma, na irin wannan kaya, a ina ya saba ƙarewa a faɗin ƙasar? Hukumar ta wallafa kundi mai bin kaya rukuni-rukuni, yana faɗin iyakar girman da mazubi zai kai a daina ɗaukarsa na gida. Kamfani ya duba layin kayansa ya bi. In yana da shakka ya nemi hukumar ta yanke masa hukunci a rubuce.

Sun kuma faɗaɗa ma'anar "gida". Otal, gidan abinci, asibiti, makaranta, barikin soja da ofisoshin gwamnati duk an ɗauke su daidai da gidaje, saboda shararsu iri ɗaya ce da ta iyali. Haka ma gona ko wurin sana'ar hannu da mazubinsa bai fi ƙarfin kwandon lita 1,100 ba a zagayen kwashe shara na yau da kullum. Saboda haka mazubin da ya je gidan abinci yana biya, amma kuma wajibi ne tsarin ya kwashe shi daga gidan abincin kyauta. Biyan sau biyu ya ragu ke nan.

Wannan hanya ma tana da nata waɗanda take dannewa. Kamfanin da ya san tabbas duk kayansa masana'antu yake kai wa, idan kundi ya ce irin mazubinsa ya saba ƙarewa a gida, zai biya, ko da yana da rasit na kowane lodi. Birtaniya ta ba kowa damar kare kansa da hujja, sai ya zama mai ƙarfin tara takardu ne ke tsira. Jamus ta yanke wa kowa hukunci ɗaya bisa abin da ya fi yawa, sai wanda ya fita daban ya biya kuɗin al'adar wasu. Da za a ba ni zaɓi, ta Jamus zan ɗauka, saboda ƙaramin ɗan kasuwa zai iya sanin matsayinsa ba tare da hayar masani ba, kuma saboda ta haɗa biya da hidima: inda aka karɓi kuɗi, nan ake zuwa kwashe shara.

Wannan ya shafi wasu daga cikin masu karanta wasiƙar nan kai tsaye. Mai fitar da zoɓo ko riɗi ko citta a buhuna zuwa masana'antun Turai, yawanci wanda ya shigo da kayan can ne ke ɗaukar alhakin mazubi. Amma mai aika man kaɗe ko turare ko yaji a ƙananan ƙunshi kai tsaye ga masu saye a Jamus, shi ne doka ke kallo, komai ƙanƙantar cinikinsa. Tun 1 ga Yulin 2022 kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay ba su da izinin barin wanda bai yi rajista ba ya sayar a can, kuma tarar wasu laifuffukan na iya kaiwa yuro 200,000. Sabuwar dokar mazubi ta Tarayyar Turai, wadda aka tsara yawancin tanade-tanadenta su fara aiki daga 12 ga Agustan 2026, za ta ƙara tsaurara irin waɗannan wajibai a duk ƙasashen ƙungiyar.

Jarkar da ba ta mutuwa

Duk lokacin da nake karanta waɗannan ƙa'idoji, ɗakin ajiyar mahaifiyarmu nake gani. Duron da muke tara ruwa daga wata masana'anta ya fito. Jarkokin da ake ɗebo ruwa da su na man girki ne. Buhun taki ya zama shimfiɗar shanya hatsi, wani an farke an ɗinke ya zama rumfa. Gwangwanin madara ya zama ma'auni, kwalba ta koma ta man ja ko ta soyayyar gyaɗa, gorar ruwa ta koma ta zoɓo da kunun aya. Kusan duk abin da Bature zai rubuta a gurbin kasuwanci ba tare da tunani ba, a wajenmu gida ne makomarsa, kuma yana shiga ne a matsayin kadara da aka saya da kuɗi a kasuwa.

Ba don kewar da na kawo wannan ba. Najeriya ma ta karɓi tsarin EPR. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2014, kuma a 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha suka kafa ƙawancen FBRA don tattara robobinsu. Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na kumfa a Janairun 2024. Duk ranar da aka zo maganar kuɗi da gaske, wato wa zai biya nawa a kan me, za a buƙaci rabo, kuma abu mafi sauƙi ga mai rubuta doka shi ne ya kwafo na Turai yadda yake.

Sai dai ginshiƙin da rabon Turai ya tsaya a kai ba ya nan a yawancin garuruwanmu. Can an raba gida da kasuwanci ne saboda hukuma na kwashe sharar gida da haraji. A nan, a unguwanni da yawa, magidanci ne ke biyan yaro mai baro ya kai shara juji, kuma 'yan bola jari da 'yan gwangwan ne ke tsince duk abin da ke da daraja ba tare da an biya su ladan tsaftace gari ba. Ga kuma gida da sana'a a cakuɗe: matar da ke tuwon sayarwa a cikin gida, buhun garinta na gida ne ko na kasuwanci? Mai shagon da ke kwance buhun sukari yana ƙullawa a leda fa, wa ya sako wannan ledar kasuwa?

Rabon da nake ganin ya dace da mu shi ne tsakanin mazubin da ke da mai nema bayan an gama da shi da wanda babu mai sunkuyawa ya ɗauka. Jarka da duro da buhu da gwangwanin alminiyam ba sa kwana a juji. Abin da ke kwana shi ne ledar shago, da ledar ruwa, da ƙananan ƙunshin omo da madara da kayan ɗanɗano waɗanda aka manna roba da ƙarfe wuri ɗaya ta yadda ba sa rabuwa. Su ne ke toshe magudanan ruwa da damina, su ne mahauta ke tararwa cunkushe a cikin tumbin shanu da awaki. Kuɗi mafi nauyi a kansu ya kamata ya hau, kuma a hannun masu tsintar nan ya kamata wani kaso nasa ya sauka. Birtaniya ma ta nufi wannan hanya: daga shekara ta biyu ta tsarin, an tsara mazubin gida ya biya gwargwadon sauƙin sake sarrafa shi, mai alamar ja ya fi mai alamar kore tsada.

Da yawa daga cikinku lauyoyi ne, ko akantoci, ko ma'aikatan hukumomin muhalli na jihohi, ko masu kamfanonin ruwa da abinci. Wasunku za su zauna a kwamitin da zai rubuta irin wannan ma'ana, wasunku za su cike jadawalin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kawo daftari daga waje a ce ku sa hannu, ku nemi a kai ku juji biyu ko uku na garinku, a zazzage, a auna, a ga abin da ya rage bayan masu tsinta sun wuce da sunan kamfanin da ke jikinsa. Daga wannan awo ya kamata layinmu ya fito. Idan akwai wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a jiharsa, ina so in ji abin da ya samu.